Ƙananan jiragen ruwa: saitin kanti zan saya ko da katako zan fara?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai masu ƙera ƙananan jiragen ruwa a nan kuwa? Ba na wasan yara nake nufi ba, irin wanda ake kwaikwayon jirgi na gaske sak, kowane abu da ma'auninsa, a gama a ajiye cikin gilashi. Na daɗe ina kallon masu yi a YouTube, abin ya shiga raina, kuma Titanic nake son farawa da shi. To amma wani abokina ya kashe min gwiwa, wai duk wanda ya sayi saitin roba ya manna bai ƙera komai ba, haɗi kawai ya yi. Ku ba ni shawara: in yi odar saiti daga waje, ko in je 'Yan Katako in nemo itace in fara daga tushe?

Sarkin_Zolaya:
Wa alaikumus salam. Ɗan Gwale da jirgin ruwa? A ina za ka tuƙa shi, a Jakara? 😂

Injiniya_Bash:
Sarkin_Zolaya ka bar yaro ya yi tambayarsa. Ƙanena, kafin maganar roba ko katako, ka fara sanin ma'auni, don shi ne ya raba wannan aiki da jirgin kara da muka yi muna yara. Idan ka ga an rubuta 1:350 a jikin kwali, ana nufin kowane abu an rage shi sau 350. Titanic tsawonsa mita 269 ne, ka raba da 350, zai ba ka santimita 77 ba kaɗan. A 1:700 kuma santimita 38. Matsalar ba tsawon ba ce, ƙananan abubuwan ne. Mutum mai tsawon mita 1.7 idan ka rage shi sau 350 bai cika milimita 5 ba. To ka yi tunanin shingen ƙarfen da yake dafawa a bakin jirgi, ka yi tunanin tagogi ɗaruruwa a jere. Da reza da katako ba za ka fitar da su a farkon farawa ba. In dai Titanic ɗin ne lallai, sayi saiti.

Ɗan_Gwale:
Na gode Injiniya. Ke nan maganar abokin nawa ba ta da tushe?

Hajiya_Tela:
Ka tambayi abokin naka: ni da nake sayen yadi a Kwari in ɗinka riga, ban yi ɗinki ba ke nan tunda ba ni na saƙa yadin ba? Ɗana na biyu yana haɗa irin waɗannan na roba, ina ganin wahalar da yake sha. Kankare bakin roba, cike tsaga, goge, fenti hawa-hawa. Mutum biyu su sayi kwali iri ɗaya, na wani ya fito kamar na gaske, na wani ko kyauta ba ka karɓa.

Kafinta_Sabongari:
Hajiya Allah ya ƙara girma, amma ni ina bayan abokin nasa da rabi. Wanda ya haɗa saiti ya iya haɗi da fenti, wannan ba musu. Amma bai san dalilin da ya sa cikin jirgi ya lanƙwasa haka ba, don inji ne ya lanƙwasa masa. Ranar da ka kafa ƙashin baya, ka jera haƙarƙari, ka zo rufe su da siraran katako ɗaya bayan ɗaya, ranar za ka gane cewa katakon da ya yi faɗi a tsakiyar jirgi dole ya tsuke in ya doshi hanci, in ba haka ba su hau kan juna. Wannan ilimin ba ya cikin kwali.

Yarima227:
Gaskiya Kafinta ya faɗi magana. Mu nan Maraɗi in ka ce za ka yi oda, kuɗin kawowa sai ya fi kuɗin kayan, ka kuma yi ta jira. Ni da kwali da tukurwa nike yi. Tukurwa ba ta da nauyi, reza na yanka ta yadda kake so.

Injiniya_Bash:
Tukurwa tana da daɗin sassaƙa, Yarima, sai dai ba ta riƙe kaifin gefe, kuma ɓargonta yana shan fenti kamar me. Sai an shafe ta da farin gam an bari ya bushe an goge kafin ta karɓi fenti sumul.

Baba_Ritaya:
'Ya'yana, ku bari in sa baki, ni na fi ku daɗewa a wannan haukan. Masu cewa sai da kayan waje ake aikin kirki su je su karanta labarin fursunonin yaƙi na Faransa da Ingila ta tsare zamanin Napoleon, tsakanin 1793 da 1815. Mutanen nan a kulle suke a wurare irin su Norman Cross da Dartmoor, ba su da kanti ba su da oda. Ƙashin naman sa da na tunkiya da ake ba su a abinci shi suke tarawa, su dafa, su kankare, su yanka shi siri-siri ya zama katakon jirgi. Igiyoyi kuma wani lokaci da gashi suke yi. Su sayar wa mutanen gari a kasuwar gidan yari su sami na kashewa. Yau waɗannan jiragen ƙashin suna gidajen tarihi, masu kuɗi na rububinsu a wajen gwanjo. To wa ya fi su ƙarancin kayan aiki a cikinmu?

Amma kuma kada Kafinta ya yi murna da wuri. Da yawansu matuƙa jirgi ne, sun rayu a cikinsa, sun san inda kowace igiya ta tashi da inda ta ƙare. Abin da suke da shi ke nan wanda Ɗan_Gwale ba shi da shi. Saiti shi ke ba wa wanda bai taɓa ganin teku ba wannan sanin, don zane na ciki, lamba na ciki. Saboda haka ni ba na raina mai saiti.

Abu ɗaya nake hana sabon shiga: kada ya fara da babban jirgi mai ƙyallen iska irin HMS Victory, na Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, a yaƙin Trafalgar na 1805, wanda har yanzu yake ajiye a Portsmouth. Kowa shi yake sha'awa, bindigogi sama da ɗari, igiyoyi ba iyaka. Irinsa ne ke ƙarewa a saman wadirof rabi a haɗe.

Ummu_Hanif:
Don Allah ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Maigidana yana son ya saya wa yaranmu irin wannan, amma ina ɗar-ɗar. Ba ya shiga hukuncin mutum-mutumi?

Almajirin_Zaure:
Malama, abin da muka karanta a gaban malamai shi ne hanin yana kan surar abu mai rai ne, mutum ko dabba. Jirgi, mota, gida, bishiya ba su shiga ciki ba. Inda za a kula shi ne tsofaffin jiragen Turawa da ake sassaƙa siffar mace ko zaki a hancinsu, da kuma 'yan mutanen roba da ke zuwa cikin wasu saitin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya bar su a kwali. Amma ki ƙara tambayar malamin da kika yarda da shi, ni ɗalibi ne.

Ummu_Hanif:
Jazakallahu khairan, na fahimta.

Malam_Tarihi:
Tunda an taɓo nan, aikin nan ya girmi Turawan ma. A 1920 aka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban jami'in fadar Fir'auna, kusa da Luksor, aka tarar da ƙananan jirage na katako da suka kai shekara 4,000, da matuƙansu da masu kamun kifi da taru. An raba su tsakanin gidan tarihin Alƙahira da na Metropolitan a New York. Su don addininsu suka yi. Na Ingila kuwa don aiki ne: tun ƙarni na 17 ake yi wa hukumar sojan ruwansu samfurin jiragen yaƙi, galibi a ma'aunin 1:48, wato rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya, a bar haƙarƙarin ƙasa a buɗe don a ga ƙirar. Da yawa daga abin da aka sani game da surar jiragen wancan zamani daga waɗannan samfuran aka san shi, don jiragen kansu sun ruɓe ko sun nutse.

Basarke_Yawuri:
Wannan magana ta ƙarshe ta Malam_Tarihi ita ce ta sa zan yi magana, da karatu kawai nake. Ku duka kuna ta Titanic da Victory. Titanic mutum dubu nawa suka haɗa shi a duniya? In ka yi naka, ka zama na dubu da ɗaya. Amma wa ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yawuri ko Malale da tef, ya auna jirgin katako na fito, ya zana shi, ya yi ƙaraminsa? Masu ƙera su ba su da zane a takarda, a ka yake, daga uba zuwa ɗa. Kuma ƙirar tana canzawa a idonmu. Tunda injin ya zo aka datse bayan jirgi don a sami wurin rataya shi. Manyan itatuwan da ake fafe kwale-kwale guda daga gungume ɗaya sun yi wuya, an koma falanki da ƙusa. Yanzu ga na faiba suna shigowa. Wanda kakana ya tuƙa ba irin wanda nake gani yau ba ne, kuma ba ni da abin da zan nuna wa ɗana in ce ga shi.

Kafinta_Sabongari:
Allah ya yi maka albarka Basarke. Kuma wannan ba kamfanin da zai yi maka saitinsa, Tamiya ko Revell ba su san da shi ba. Dole hannu.

Malam_Tarihi:
To ga wanda ma an riga an auna muku. Kwale-kwalen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, aka tono shi a 1994 da haɗin gwiwar masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt. Shekarunsa wajen 8,000, babu jirgin da aka samu a Afirka da ya girme shi. Tsawo mita 8.4, faɗi kamar rabin mita, itacen dangin maɗaci ne. Yana Damaturu.

Injiniya_Bash:
Bari in buga lissafin. A 1:20 zai zama santimita 42 a tsawo, faɗi santimita biyu da rabi. Guntun maɗaci ɗaya ya isa, kuma ka ga har itacen ya dace da na asali. Ɗan_Gwale, wannan aikin farawa ne mai kyau, zai koya maka auna abu da fafe ciki ba tare da ka huda bango ba.

Ɗan_Gwale:
Wallahi ban taɓa jin labarin Dufuna ba sai yau. Amma gaskiya in faɗa muku, kwale-kwale ba shi ne ya ja ni ba. Bututun hayaƙin nan huɗu da fitilu, su nake so in gani a falo.

Sarkin_Zolaya:
Yaro ya ce Titanic, dattawa sun ba shi kwale-kwale 😂 Ku bar shi ya nutse da abinsa.

Hajiya_Tela:
Ai gaskiyarsa ce. Abin da ranka ba ya so ba za ka zauna kansa wata da watanni ba. A bar shi ya yi wanda yake so.

Abakar_Njamena:
Salam 'yan'uwa. Ina goyon bayan Basarke, kuma ina ƙara masa da namu na tafkin Chadi. Buduma suna da jirgin da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa, kadai suke ce masa, hancinsa a ɗage sama. Har wani Bature ɗan Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauki maƙera daga tafkin ya kai su Masar a 1969 suka ɗaure masa babban jirgin ciyawa mai suna Ra, ya tashi daga Safi ta Maroko zai ƙetare Atlantika. Bai kai ba, jirgin ya jiƙe ya saki kafin su isa, sai na biyun da mutanen tafkin Titikaka na Kudancin Amurka suka ɗaure ne ya isa Barbados a 1970. Ƙaramin kadai ba ya son gam ko ƙusa, busasshiyar ciyawa siririya da zare kawai. Wahalarsa samun ciyawar da kaurinta ya dace da ma'auni. In ka sa kara mai kauri, sai ya fito kamar an ɗaure gungume.

Baba_Ritaya:
Abakar ya taɓo inda yawancin mutane ke faɗuwa, kauri. Kowa na auna tsawo, ba mai auna kauri. Igiyar da kaurinta ya kai santimita 5 a jirgi, a 1:100 rabin milimita ce. Sai ka ga mutum ya yi jirgi mai kyau ya ɗaure shi da zaren buhu. Ku nemi zaren ɗinki kala-kala na kauri, ku ja shi a kan kakin zuma, gashin jikinsa zai kwanta kuma ba zai riƙe ƙura sosai ba. Igiyoyin da ke riƙe turaku baƙaƙe ne don kwalta ake shafa musu, waɗanda ake ja da hannu kuma ruwan ƙasa-ƙasa. Fari tas ba ya cikin jirgi.

Haka katako. Maɗaci yana da kyau a ƙofa, amma idonsa manya ne, a ƙaramin jirgi sai ya tona maka asiri. A Dufuna ɗin Injiniya zai wuce tunda gungume ne. Turawa itacen fiya irin ta ƙasarsu (pear, ba avocado ba) da wani mai suna bokswud suke so saboda laushin ido. Ni na gwada aduwa, wadda ake allo da ita, da reshen lemun tsami busasshe, na ji daɗinsu a ƙananan sassa.

Kafinta_Sabongari:
Baba ka manta obeche. Turawan ma daga wajenmu suke saye, yana cikin katakon da suke rufe jikin samfur da shi. Ba nauyi, yana lanƙwasuwa in ka jiƙa shi a ruwan zafi ka naɗe a jikin gwangwani ya kwana. Aibinsa ƙwaro na sonsa, sai an shafa magani. Kuma don Allah duk katakon da ka saya da damina kada ka taɓa shi, ka jingine a ɗaki hunturu ya wuce a kansa. In ka rufe jirgi da ɗanyen katako a watan Agusta, kafin Janairu za ka iya zura allura tsakanin kowane layi.

Yarima227:
Hunturun nan shi ne babban abokin gabarmu. Ƙura in ta shiga igiyoyi ba ta hita. Ni yanzu kafin in gama jirgi nike kai awo wurin mai gilashi.

Zee_Kaduna:
Na roba ma bai tsira ba. Ƙanwata ta bar nata a bayan mota da rana, da ta dawo daben saman ya bankare. Sannan a sani, gam ɗin roba daban ne, narkar da fuskar robar yake ya haɗe su, ɗigo kaɗan ya isa. Sufa gulu kuma yana sa farin hazo a kan sassa masu gilashi. Ni mace ce kuma na fi son jiragen yaƙi na 1:700, irin waɗanda kamfanonin Japan suka fara fitarwa a 1971, da ake yanke su daidai layin ruwa. Ba sa cin wuri, matsefata da ƙaramin burushi sun ishe ka. Abin da ke ba ni haushi shi ne ban taɓa cin karo da saitin NNS Aradu ba. Jirginmu ne, a Hambag ta Jamus aka ƙera shi, ya shiga aiki a 1982, tsawonsa wajen mita 125. A 1:200 zai yi santimita 63, daidai kan kanta.

Injiniya_Bash:
Zee, ai kin dawo da mu wurin Basarke ta ƙofar baya. Duk abin da yake namu, na gargajiya ko na zamani, sai mun yanka da hannu.

Ɗan_Gwale:
Wata tambayar. In na haɗa Titanic ɗin, zan iya sa masa mota da batir ya yi tafiya a ruwa?

Injiniya_Bash:
Ana yi, amma ka san abu biyu. Na farko nauyi ba sau 350 yake raguwa ba, sau 350 sau 350 sau 350 ne, don tsawo da faɗi da zurfi duk sun ragu. Titanic yana ture ruwa tan dubu 52 da 'yan kai, wato nauyinsa ke nan. A 1:100 kilo 52 ke nan, a 1:350 kuma kilo ɗaya da ɗan ɗori. Jikin jirgi, mota, batir, duk kada su wuce haka, kuma masu nauyin su zauna can ƙasa. In nauyi ya yi sama zai kife. Ba ƙananan kaɗai ba, jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa haka ya yi a 1628, bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kwantar da shi a gaban jama'a a Stockholm, sai 1961 aka ciro shi.

Na biyu gudu. Injiniya William Froude, wanda ya gina tafkin gwajin samfur a Torquay ta Ingila wajen 1872, shi ya nuna cewa in samfur ya ragu sau 100, gudunsa sau 10 ya kamata ya ragu kafin igiyar ruwan da yake tayarwa ta yi kama da ta gaske. Titanic na yin kusan kilomita 40 a awa, to samfurin 1:100 kilomita 4 ne, tafiyar mutum a ƙasa. Masu sa wa jirgin fasinja mota mai ƙarfi yana tsala gudu a kududdufi sun ɓata shi. Har yau da wannan lissafin ake aiki. A Port Revel ta Faransa matuƙan manyan jirage na shiga cikin samfurin 1:25 su zauna su koyi sarrafa tanka a tafki.

Sarkin_Zolaya:
To Alhamdulillah, ashe maganata ta Jakara ba ta faɗi ƙasa ba.

Takari_PortSudan:
Na makara. Basarke, in kun fara aikin auna jirage ku sa da sambuk na Bahar Maliya. Da irinsa kakanninmu da yawa suka ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda bayan sun yi shekaru a hanya da ƙafa. Tsofaffi a nan suna ba da labarin cunkoso da ƙishirwar da aka sha a ciki. Ƙyallensa mai kusurwa uku ne a jikin doguwar sanda a karkace, igiyoyinsa kaɗan ne, ba kamar Victory da Baba ya hana ba. Mai son jirgin iska na farko, ga shi.

Baba_Ritaya:
Wannan shawara ce mai kyau. Turke ɗaya ko biyu, an gama.

Basarke_Yawuri:
Takari na ji. Ni matsalata hannu, ban iya sassaƙa ƙanana ba. Amma awo zan iya. In akwai mai so, in ruwa ya ja baya zan je wurin masu ƙira in auno guda, in ɗauki hoto ta gaba, ta baya, ta gefe da ciki.

Kafinta_Sabongari:
Ina so. Amma kada ka auno tsawo da faɗi kawai. Ka ja igiya daga hanci zuwa baya, duk bayan mita ɗaya ka auna faɗin baki, faɗin gindi da zurfi. Ka ƙirga falankin kowane gefe, ka auna kaurinsu. Kuma ka fara gaida masu aikin ka gaya musu dalili, kada su zaci jami'in haraji ne.

Hajiya_Tela:
Kun sake mantawa da mai tambaya. Ɗan_Gwale, me ka yanke?

Ɗan_Gwale:
Hajiya har yanzu ina tsakiya. Na duba farashin na 1:350 da canjin dala na yau, jikina ya yi sanyi. Na 1:700 zan iya. Zee, wane girman burushi kike amfani da shi a kansu, kuma fentin da ake sayarwa a shagon kayan zane zai kama roba ko sai na musamman?

Zee_Kaduna:
Lamba 0 da lamba 2 sun isa. Fentin akirilik na masu zane zai kama, amma ka fara wanke sassan da ruwan sabulu don cire maiƙon inji, ka fesa fentin share fage siriri, sannan ka tsinka naka da ruwa ka yi hawa uku maimakon ɗaya mai kauri. Bututun hayaƙin ka yi musu fenti daban kafin ka manna su.

Kafinta_Sabongari:
Kafin odar taka ta iso ai wata guda ya wuce. Ka shigo shago ranar Asabar in yanka maka guntun maɗaci santimita 45, ka rage zaman banza da na Dufuna.